Mai Gadin Cikin Silima

Akwai wata rana da ko na manta shekaruna ba zan manta da ita ba. Ranar ce na zauna ƙarƙashin gawo a garinmu, can gefen Azarori, na ba mutane labarin silimar da na gani a Kano, ina jiran su yaba wa mai ramuwa, sai wata tsohuwa ta kwance mini duk abin da na ƙulla da tambaya ɗaya. Yau na fi ta tsufa a lokacin, amma in na tuna har yanzu kunya nake ji.

Ba a daɗe da gama yaƙin Nasara ba. Ni saurayi ne lokacin, mai zafin kai, wanda in ka taka shi sau ɗaya sai ya taka ka sau biyu. Na tafi cin rani ƙasar Ingilishi, na yi dako a kasuwar Kano, a can ne wani abokin aiki ya ja ni gidan silima. Fili ne da katanga, ba rufi, sai farin bango a gaba. Labarin na mutanen Ingila ne. Ko kalma ɗaya ban ji ba, amma akwai wani malamin kanti kusa da mu yana fassara wa abokinsa, abin da ya tsallake kuma ido ya cike mini. Wani mutum ne amininsa ya ci amanarsa, ya sa aka jefa shi kaso, ya kwashe dukiyarsa. Da ya fito sai ya tara mutum uku, suka shiga ma'ajiyar maci amanar, suka fasa akwatin ƙarfe, suka bar shi ba ko allura. Wallahi na fito daga gidan nan ina taku kamar ni na yi aikin.

Da bazara na dawo gida, na tarar da abin da ya tsaya mini a wuya. An sace takarkarin babana, wato san da ke ɗaukar mana kaya. Shi ke kai hatsinmu kasuwa, shi ke ɗauko ruwa. Baba ya hore shi tun yana maraƙi, har hira yake yi da shi a hanya. An bi sawu har wata ruga ta wajen Tabotaki, kuma kowa ya san wanda ya yi: ɗan wani tsohon makiyayi ne, yaron da muka sha cin tuwo ƙwarya ɗaya da shi a gidanmu. Ya kora san ya yi arewa. Baba bai kai ƙara ba. Tabarma kawai ya shimfiɗa ya kwanta, ya bar sharar gona. Mutumin da na bari yana saɓa damin dawa shi kaɗai, na same shi sai an kama hannunsa yake tashi.

Ban yi shawara da kowa ba. Na san ran kasuwa mazan rugar duk suna tafiya, tsohon ne kaɗai ke kai garke rijiya da hantsi, ga shi yana ɗingishi. Na ce a raina sanda ɗaya a ka ta ishe shi, sai mu ware shanu uku mu tsallaka da su Ingilishi. Na tuƙa igiyoyi uku na kaba, na ɓoye bayan rumbu. Abin da ya rage mini shi ne mutum biyu masu zuciya, kuma na san da me zan jawo su.

Saura kwana biyu kasuwa, maƙerin garinmu ya kira gayyar ɗaga jinka. Da muka ɗora rufin a kan ɗaki, mata suka kawo hura, aka baje ƙarƙashin gawo. Sai maƙeri ya ce, “To ɗan Kano, mi ka gano muna?” Abin da nake jira ke nan. Na miƙe tsaye na ba da labarin nan da hannu da ƙafa, na ƙara gishiri inda ya yi lami. Na nuna yadda mutumin ya fito kaso yana cije baki, yadda suka laɓe jikin bango, yadda ya maka wa mai gadi ƙarfe a ka ya zube, yadda maci amana ya zo da safe ya tarar da akwati wayam ya ɗora hannu a ka.

Na gama na zauna ina jiran yabo. Ai kuwa mutanenmu ba su san kallo a tashi ba, sai suka mai da abin shari'a.

Maƙeri ne ya fara. “Tsaya tukuna. Akwatin nan da mi sunka buɗe shi?”

Na ce da wata wuta mai fitowa ta bututu.

“Ba zugazugi, ba gawayi?”

Na ce babu.

Ya ce, “To ƙarya ce,” ya ci gaba da shan hurarsa. Aka fashe da dariya.

Wani tsohon soja da ya dawo daga yaƙi ya ce shi ya ga irinsu a Dakar, wanda aka kashe yau gobe za ka gan shi cikin wani labarin yana rawa da mata. Mai bin sawun garinmu kuwa jandarmomin cikin labarin, wato 'yan sandan da suka kasa kama su, su ne suka ba shi haushi. Ya ce mutum huɗu, da takalma, da kaya mai nauyi, a ce an kasa gano inda suka bi? A ba shi hantsi guda ya kawo su ɗaure. Aka yi ta ja, wasu na cewa maci amana ya samu daidai da shi, wasu na cewa ai da ya kai ƙara wurin manya. Ni duk wannan bai dame ni ba. Samari nake kallo, kuma na ga biyu idonsu ya yi ja, ɗaya har yana cewa, “Wannan shi ne namiji.” Na ce a raina na samu mutanena.

Gwaggona, yayar babana, tana gefe tana tattara ƙoren hura. Mace ce ƙarama, ba ta da yawan magana, amma in ta buɗe baki ko mai gari gyara zama yake yi. Sai ta ajiye ƙwarya ta ce, “Ɗana, ka ce akwai mai gadi bakin ƙohwa.”

Na ce akwai, Gwaggo.

“Shi mi ya ci mishi?”

Na ce ba abin da ya ci masa, tsare hanya kawai ya yi.

“Ya tashi bayan an buge shi?”

Na yi tunani. Wallahi ban sani ba. Na ce ba a nuna ba.

“Shina da ɗiya? Shina da uwa?”

Na ce, “Gwaggo, ba a nuna ba. Ai ba labarinsa ba ne.”

Ta ce, “To ni tun da ka kayar da shi ban ƙara jin komi ba. Ku kun bi masu akwati, ni ina nan bakin ƙohwa tare da shi. Mutum ya hito neman abincin iyalinai, wani ya ci amanar wani, shi aka hwasa ma kai.”

Tsohon sojan nan mai ba'a ya sunkuyar da kai, can ya ce a hankali, shi ma gadi ya yi shekara biyu a bakin wata ma'ajiya da bai taɓa ganin cikinta ba. Maƙeri ya ce gaskiya tsohuwa ta fi mu kallo. Haka nan hira ta juya, mutanen da ɗazu ke gardama kan akwati suka koma tambayar wa zai kai mai gadi gida, wa zai gaya wa matarsa. Na dubi samarina biyu, na ga sun mai da ido ƙasa suna tonon rairayi da tsinke. Haushi ya cika ni. Na ɗauko labari tun daga Kano a ka, tsohuwa ta zubar mini da shi a ƙofar gida.

Da aka watse ta kira ni bayan rumbu, ta sa ƙafa ta ture karan da na rufe igiyoyin da shi. Ta ce, “Ko akuya ba ka da, igiya ukku ta mi ce?” Ba ta jira amsa ba. Ta ce, “Ran kasuwa wa ke shayar da garke a rijiya?” Ta riga ta san amsar. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi gobe da asuba in ɗauki ƙwaryar hatsinta in raka ta ruga, za ta musanyo nono, ƙafarta ba ta son tafiya ita kaɗai.

Na bi ta ne kawai don ba a ce wa gwaggo a'a. Duk hanya ina gaba da ƙwarya a ka, zuciyata na tafasa, ita tana baya tana gaya mini sunayen masu gonakin da muke ratsawa. Rana ta ɗaga muka iske tsohon a rijiya yana jan guga. Da ya gan ni sai igiyar ta kusa kuɓuce masa. Suka gaisa da gwaggo gaisuwa mai tsawo, ta tambayi shanu, ya tambayi gida. Sai ta ce, “Nuna ma ɗana tawa, bai san ta ba.”

A wurinmu manomi in ya sami saniya ba ya riƙe ta a gida, makiyayi yake ba amana, shi kuma ya sha nono. Na san da haka tun ina ƙarami, amma fushi ya sa ban taɓa haɗa wannan da garken nan ba. Tsohon ya ɗaga sanda ya fara nunawa. Waccan ja mai karyayyen ƙaho ta gwaggo ce. Waɗancan biyu na maƙeri ne. Farar can ta liman ce. Baƙar da ke shan ruwa ta uwar ɗaya daga cikin samarin da na zaɓa ce. Nasa na kansa ba su wuce yatsun hannu ɗaya ba. Ashe da na kora shanu uku, garinmu zan yi wa fashi.

Ya jingina sandar, ya cire malfarsa ya share gumi. A nan na ga kan nasa, furfura fat, fata ta yi laushi, ga jijiya tana bugawa a gefen kunne. Daidai wurin da na auna ke nan tun kwana goma. Na zauna a bakin kwamin shayarwa.

Tsohon ya ce, “Na san abin da ɗana ya yi. Na bi shi har gaba da Keita da ƙahwan nan, na iske ya sayar, ya wuce. Sau ukku ina kama hanyar gidanku, in na hango gawon nan sai kunya ta maido ni.” Ya shiga garke yana ɗingishi, ya fito da wani ɗan bijimi, mafi kyau cikin nasa, ya ce a kai wa babana, ya san hannunsa da horo. Sai ya duba ko'ina bai ga abin da zai ɗaure shi ba. Gwaggo ta sa hannu cikin zanenta ta zaro ɗaya daga cikin igiyoyina ta miƙa masa. Ko kallona ba ta yi ba.

Da muka iso gida baba ya daɗe yana duban ɗan bijimin daga kan tabarma. Can ya ce wa ya ɗaure shi haka, ai zai shaƙe shi. Ya dafa bango ya tashi da kansa, ya kwance igiyar ya sake ɗauri. Kafin ruwan shuka ya sauka yana zagaya gari da shi yana masa hira, kuma shekara bakwai sa ɗin nan ya yi yana kai hatsinmu kasuwa. Tsohon makiyayin ya ci gaba da zuwa gidanmu har ƙarshen ransa, bai taɓa sanin abin da na shirya masa ba.

Na sake ganin silima bayan nan, a Kano da wasu wurare, kuma har yau ina son labarin mai ramuwa, ba zan yi ƙarya ba. Amma gwaggo ta ɓata mini kallo har abada. Duk lokacin da aka buge wani a bakin ƙofa aka wuce, jama'a na tafi, ni sai in tsaya tare da shi. Abin da na koya ke nan: mai fushi wanda ya cuce shi kaɗai yake gani, alhali tsakaninsu kullum akwai wani a tsaye da bai ci masa komai ba. Tun daga ranar, in raina ya ɓaci har na fara tuƙa igiya, sai in tambayi kaina wa ke bakin ƙofa.