Jininta ne ke cin ta

Zuwaira mai shayi ce a bakin kasuwar Gadarif, wani gari kudu maso gabas da Khartum, kusa da masu auna riɗi. A zamanin gwamnatin soja ta Inƙaz ta yi sana'arta, lokacin da 'yan sandan ɗa'a ke kwashe wa mata murhu da kujeru, wai suna gyara tarbiyya. Sau nawa aka kifar mata da butoci, washegari ta dawo da wasu. Mijinta Lawal yana aikin gona a Simsim, sai an gama yankan dawa ake ganinsa. 'Yarsu ɗaya, Rawan.

Rawan na shekara tara cikinta ya lalace. Zawo da jini, murɗa, rama har ana ƙirga haƙarƙarinta. Aka ce atini ne, ta sha magani har bakinta ya yi ɗaci. Aka ce kalazar ne, ciwon nan mai kumbura saifa, tunda a Gadarif duk yaron da ya rame sai an ce shi ne. Aka gwada, babu.

Sai wata likitar yara ta ɗebi jininta ta aika Khartum. Ranar da sakamako ya dawo, Zuwaira ta tafi da yayan mijinta, Mahmudu, don Larabcinta na kasuwa ne, shi kuwa yana ji da nasa. Likitar ta yi bayani a hankali: an ga wasu alamu a jinin, irin waɗanda ake samu idan garkuwar jiki ta ruɗe hanji ya kumbura. Ta ce alama ce kawai, sai an leƙa hanjin da na'ura a Khartum kafin a tabbatar, kuma akwai magani.

Duk wannan bayani, da suka fito Mahmudu ya dunƙule shi a magana ɗaya. Ya ce wa uwarsu Larai, surukar Zuwaira, "Likita ma ta faɗa. Jininta ne ke cin ta."

To, a wurinmu wane ne jinin yaro? Kuma wa ke cin mutum yana raye? Kafin la'asar unguwa ta gama lissafi: ba uban ba, ai yana Simsim. Wata ta tuno cewa kakar Zuwaira ma ba a san asalinta ba. Matan da suka sha shayinta shekara da shekaru suka fara janye 'ya'yansu idan ta wuce. Larai ta yanke hukunci a kai yarinyar garin Fau wurin gwaggonta, a raba ta da uwar, maganar Khartum kuma a bar ta.

Zuwaira ta roƙi Mahmudu su koma asibiti ya sake tambaya. Ya ce shi ba a maimaita masa Larabci.

Ba ta yi kuka a gabansu ba. Da hantsi, da Larai ta tafi gidan suna, Zuwaira ta naɗe kayan Rawan a zane, ta kama hannunta sai tasha.

Motar Khartum ta wuce Fau ba su sauka ba. Zuwaira ta ɓare dafaffen ƙwai ta miƙa wa Rawan. Yarinyar ta dubi ƙwan, ta dubi hannun, ta matsa jikin taga.

"Inna," ta ce a hankali, "idan na yi barci kike yi?"

Zuwaira ta ba matar da ke gefensu ƙwan, ta ce don Allah ita ta ba ta. Daga hannun baƙuwa Rawan ta ci.