Igiyar Saniyar Kakata

Lokacin da abin nan ya faru ina ajin ƙarshe a sashen kasuwanci na wata kwaleji a nan Gombe, yaro mai rawar kai da ganin ya fi kowa lissafi. A unguwar Malam Inna nake zaune wajen kakata, wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata. Maigida take ce mini don tsokana, ni kuma na ce na sake ta saboda ba ta da haƙora.

A zangon nan malaminmu ya kawo wasan hannun jari. Ya ba kowa kuɗin bogi a takarda, mu saya mu sayar bisa farashin kasuwa na gaske, duk Juma'a a rubuta sakamako a allo. Nawa ya taɓa faɗuwa warwas, na yi dariya na bar shi, bayan 'yan makonni ya tashi, na zo na ɗaya. Malam ya yaba haƙurina a gaban aji, ya kuma gargaɗe mu cewa wasa daban, kasuwa daban. Yabon kawai na ji.

Kakata tana da saniya guda, ja mai farin goshi, a rugar kawuna bayan gari. Jikar jikar wadda aka ba ta ce ranar aurenta, ita kaɗai ta rage daga garken gidansu. Duk wata sai ta hau Keke Napep ta je ta gan ta, kuma da ta yi kira da Fulatanci saniyar za ta taho. Wannan saniya na sa wa ido. Na yi ta lallashi ta sayar ta ba ni kuɗin, na ba ta labarin wasan aji, na ce cikin shekara zan mayar mata da uku. Ta tambaye ni me na rasa a aji ranar da nawa ya faɗi. Na ce babu. Sai ta ce maigida ba ya roƙo a hana shi. Ranar da aka kai saniyar kasuwa, ta aika wa kawu ya kwanto mata igiyar, don a al'adarsu ba a sayar da dabba da igiyarta.

Na sayi hannun jari, wata bai cika ba farashi ya fara zubewa. A nan na gane haƙurin da aka yaba mini na banza ne, don ban taɓa sa abin da nake so a ciki ba. Abinci ya gagare ni, na sayar da asara, na sake saye don na rama, na ƙara nutsewa. Da na durƙusa na faɗa wa kakata, ba ta yi faɗa ba. Ta shafa kaina, ta ce na tashi na ci tuwo kafin ya huce. Wallahi da duka ta yi mini ya fi mini sauƙi.

Sai bayan shekara huɗu, da na samu aiki, na saya mata karsana ja. Ta ɗauko igiyar daga ƙarƙashin katifarta muka tafi ruga. Ta ɗaura mata da hannunta, ta sa mini albarka, sannan ta ja baya ta yi kiran nan nata. Karsanar ba ta ko ɗago kai ba. Kakata ta yi murmushi ta ce baƙuwa ce, za ta saba. Allah bai ba ta kwanan ganin hakan ba.

Ban ce ilimin nan ba shi da amfani ba, da shi nake ci yau. Amma ɗalibai 'yan'uwana, takarda ba ta koya wa mutum zafin asara. Kafin ku taɓa abin wani, ku tambaya ko kuɗi na iya dawo da shi. Igiyar tana wajena har yanzu.