Kuran Ɗinmu Rabi Ne

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, manomin albasa ne a Jiratawa, kuma tun ina yarinya shi ke kaɗa gita a majami'armu. Ampilin da yake amfani da shi, wato akwatin da ke ƙara wa gita sauti, tsoho ne mai aiki da batirin mota. Na majami'a ne a suna, amma kawu ne ya raine shi, ya ɗaɗɗaure shi da robar tayar keke, bai kuma taɓa ba shi kunya ba. Ranar Lahadi in ya ɗora yatsunsa masu kaushi a kan gitar, har masu goyo da ke bakin ƙofa sai sun motsa kafaɗa. Ban san abin da kawu yake ƙauna a duniya kamar wannan kujerar tasa ta gaba ba.

Sai surukin babban dattijonmu ya dawo daga Amirka. Wani ɗan kwas aka tura shi, ko shekara bai cika ba, amma ya dawo yana yatsina fuska in an miƙa masa fura. Muka laƙaba masa Ɗan Amirka, shi kuwa ya ɗauka yabo ne. Ya zo da sabon ampili baƙi mai walƙiya kyauta ga majami'a, aka kira shi gaba, aka tafa masa har hannuwa suka yi zafi. Sharaɗinsa ɗaya: kada ya ƙara ganin tsohon akwatin nan, wai abin kunya ne a gaban baƙi. Dattawa suka amince ba tare da an tambayi kawu ba. Aka miƙa wa wani mai gyaran rediyo, ya farke shi ya kwashe abin da zai kwasa.

Da aka zo jona sabon, kan wayarsa ya ƙi shiga bango. Haƙoransa masu faɗi ne, ramukanmu kuwa zagayayyu. Wannan ba ya tayar wa ɗan Maraɗi hankali. Aka sa reza aka datse kan, aka feƙe wayoyin, aka cusa su a rami da tsinken ashana, kamar yadda muke yi wa dutsen guga.

Ni malamar makaranta ce, idona ba ya wuce rubutu. Na leƙa bayan akwatin na ga an rubuta wutar da yake ɗauka, ɗari da ashirin. Tamu wutar lantarkin, wadda muke kira kuran, ɗari biyu da ashirin ce. Na faɗa wa Ɗan Amirka cewa sai an samo taransifo mai rage wuta. Ya dube ni kamar na taka masa takalmi.

"Malama, a takarda kike ganin ɗari biyu da ashirin," in ji shi. "Kuran na Maraɗi ko hwanka ba shi juyawa. Rabi ne ke zuwa, kuma rabin nan shi wanga ampili ke so."

Dattawa suka yi dariya, suka ce ai kuwa gaskiya ne. Wani ma ya ƙara da cewa mutumin da ya hau jirgi ba za a koya masa kayan Turawa ba. Abin haushi, gwajin farko ya goyi bayansa. A gidansa na Sabon Gari aka yi, da magariba, lokacin da kowa ya kunna abinsa, ƙwan lantarki ya yi ja kamar garwashi. Ampili ya yi aiki, yana gurnani yana ɗaukar zafi, amma ya yi. Ɗan Amirka ya riƙa kallona yana murmushi.

A hanya kawu ya ce in faɗa masa gaskiya. Na faɗa masa. Ya je ya sami babban dattijo, aka ce masa baƙin ciki yake yi don an ɗauke tsohon akwatinsa.

Bikin godiyar kaka a Tibiri aka yi a shekarar, jama'ar ƙauyuka duk sun hallara, an jera buhunan gero da damman dawa a gaba. Don kada a ɗauke wuta a kunyata shi, Ɗan Amirka ya yo hayar gurup, injin wuta sabo fil. Ko kaɗan bai zo masa a rai ba cewa inji ba ya ba da rabi. Cikakkiyar wuta yake bayarwa.

Kawu ya zauna cikin farar rigarsa ta biki, ya kaɗa. Sauti ya fito mai daɗin da ban taɓa ji daga gitarsa ba, na ga fuskarsa ta washe. Mawaƙa ba su kai ƙarshen baitin farko ba sai muka ji fat, hayaƙi ya turnuƙe, warin ƙonanniyar roba ya cika ɗakin.

Ɗan Amirka bai ko ɓata lokaci ba. Ya ce kawu ne ya murɗa ampilin har ƙarshe, hannun da ya saba da kalmen noma ba ya sanin kayan daraja. Na miƙe in yi magana, babban dattijo, wato surukinsa, ya ce in zauna, nan ɗakin Ubangiji ne. Duk wanda ke wurin ya ji warin wayar, da yawansu sun ji gargaɗina, amma suka sunkuyar da kai. Ɗora wa manomi laifi ya fi musu sauƙi a kan su ɓata wa mai kyauta rai. Na raina su a ranar, kuma har yau ban daina ba.

Bayan mako dattawa suka ce kawu ya huta, wai shekaru sun ja. Ampilin yana nan a gaba, an lulluɓe shi da ƙyalle mai ado, an ɗora masa furannin roba. In baƙo ya zo sai a nuna masa, a ce daga Amirka ya fito.

Kawu yanzu a bencin ƙarshe yake zama. In ana waƙa nakan ga yatsunsa suna motsi a kan gwiwarsa. Na taɓa roƙonsa ya kawo gitar ko ba ampili, ko mutum goma ne su ji. Ya girgiza kai.

"An ce hannuna ke ƙone kaya, ɗiyata. Bari in bar masu sauran lahiya."