Addu'ar da Ta Cinye Fadamar Yari

Yari manomin albasa ne a Kwargaba, ƙasar Wurno, a shekarun da Turawa ke haramar tafiya. Fadama ɗaya gare shi, gadon ubansa, ita ke ci da shi da matarsa Lami da 'yarsu Hassana. Bayan albasa, abin da aka san shi da shi addu'ar bakinsa ce. Ka ce masa kanka na ciwo, ko jakinka ya karye, amsarsa ɗaya: "Allah shi kawo sawaba." Wajen uwarsa ya ɗauko ta. Har tsokanarsa ake yi, wai ko kaza ta yi tari Yari zai roƙa mata sawaba.

Sai siyasa ta shigo. Masu adawa da mulkin sarakuna suka ɗauki kalmar nan ta sawaba suka mai da ita kirarin jam'iyyarsu, duk wanda aka ji ta a bakinsa ya shiga uku. Kowa ya kama bakinsa, ban da Yari. Lami ta ja masa kunne, ya yi dariya.

"Addu'ar tawa? Tun ba a haihi masu jam'iyyar ba nike yin ta, Lami."

A shekarar zaɓe, Atiku, wanda gonarsa ke iyaka da ta Yari, kuma ɗan gaban goshin masu mulki, ya ce fadamar ta kakansa ce. Alƙalin ƙasarsu ya saurari dattawa, ya ba Yari gaskiya. Atiku ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu a birni. Yari ya wanke rigarsa ta salla ya tafi hankali kwance, da shaidunsa.

Ranar nan babban alƙalin mura yake yi. Ana cikin jin shaidu tari ya sarƙe shi, har idonsa ya kawo ruwa. Yari yana durƙushe a ƙasa, tausayi ya kama shi.

"Ranka shi daɗe, sannu. Allah shi kawo sawaba."

Atiku ya zabura. "Kun ji ko! Ɗan Sawaba na! Har gaban shari'a!"

"Mi nic ce?" in ji Yari, yana waige-waige.

Ni mai ba ku labarin nan, har gobe in na tuna wurin nan raina ɓaci yake yi. Alƙalin nan malami ne, ya san addu'a in ya ji ta. Amma ya san waɗanda suka naɗa masa rawani, ya kuma ga 'yan kai rahoto zaune a bakin ƙofa. Ya share hawayen tarinsa, ya ce shaidun mai yi wa hukuma tsaurin ido ba abin kamawa ba ne. Fadama ta koma hannun Atiku. Dattawan da suka raka Yari suka sulale ɗaya bayan ɗaya, kada kashin kaji ya shafe su.

Yari ya koma ƙwadago a gonakin mutane, yana yi musu ban ruwa. Kullum sai ya bi ta gefen fadamarsa, bai taɓa ɗaga kai ya dube ta ba. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne in ka kai masa kukanka. Sai ya buɗe baki, ya rufe, ya dafa kafaɗarka kawai.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, Turawa sun daɗe da tafiya, jam'iyyun ma an rushe su. Hassana tana yi masa fifita, ta ga yadda numfashi ke ba shi wuya, ta ce, "Sannu Baba. Allah shi kawo sawaba."

Ya damƙe hannunta, ya juya ido wajen ƙofa.

"Yi kurum, ɗiyata," ya ce. "Ɗakin ga kaɗai yar rage muna."