Kawu Bai Ce Zai Taho Ba

Shinkafar Kirsimeti da ta kwana, idan aka ɗumama ta har ƙasanta ya soma kamawa, tana da wani ƙamshi nata daban. Duk shekara in na ji shi sai in tsinci kaina a gidanmu na bene a unguwar Deptford ta London, hawa na huɗu, ina 'yar shekara tara, ina kankare ƙanzo da cokali, Mama kuma ta saki ludayi ta ƙame a gaban talabijin.

A shekarar nan Kaka, mahaifiyar Mama, ta zo daga gida don wankan jegon ƙanena. Tsohuwa ce mai faɗa, kuma ba ta ga abin yabo a London ba ko ɗaya. Ranarsu ba zafi, kajinsu ba ɗanɗano, mu jikokinta kuma a yi mana Hausa mu mayar da Turanci. Mutum ɗaya ne ba ya laifi a wajenta, autanta, wato Kawu. Injiniya ne, yana aiki a wani gari na bakin teku a tsibirin Sumatra, can Indunusiya. Sunan tsibirin nan kuwa shi mai karanta labarai yake ta maimaitawa da safiyar nan.

An yi girgizar ƙasa a ƙarƙashin teku, ruwa ya taso ya hau kan garuruwa. Kaka ba ta jin Turanci, amma ta ga fuskar 'yarta. Baba ya ɗauko faranti biyu zai yi mata bayani, ka dai san halin malaman makaranta. Ya ce ƙasar da teku ke kwance a kanta ɓangare-ɓangare ce, ɗaya yana ta kutsawa ƙarƙashin ɗaya shekara da shekaru, har ranar da na saman zai ɓalle ya watso ruwan da ke kansa. Kaka ta bari ya gama tsaf, sannan ta ce, "Malam, na ji. Ajiye farantin, a kira mini yarona."

Aka yi ta kira. Baba ya sauka shago ya sayo katin waya, ya dawo, ya sake sauka. Layin ko ƙara ba ya yi. A talabijin sai ruwa mai launin kunu yana tafiya da motoci da rufin gidaje, da mata suna bin layin gawawwaki suna ɗaga mayafi ɗaya bayan ɗaya. Mama ta kore ni ɗaki, ni kuwa na leƙa ta bayan ƙofa na ga komai.

Washegari matan zumunta na cocinmu suka cika falo, daga Woolwich, daga Dagenham, kowace da kular abinci. Mutanenmu ba sa barin mutum shi kaɗai da damuwa, wannan kam a yaba musu. Sai dai in suka jeru jikin bango suka yi tagumi, ba abin da ya raba zaman da na makoki. Can wata ta yi ajiyar zuciya ta ce wa Kaka, "Mama, sai haƙuri fa." Wayyo, da ta sani! Kaka ta juyo ta ce, "Haƙurin me? Kin ga gawa ne? In addu'a kika zo yi, bismillah. In makoki ne, ga ƙofa can." Amma jim kaɗan na sami Kaka a kicin tana son zuba ruwa a kofi, rabin ruwan na zubewa a ƙasa. Sai a lokacin tsoro ya kama ni da gaske.

Wajen ƙarfe uku na yamma aka buga ƙofa. Baba ya buɗe, yana zaton wata kular ce. Sai ga Kawu, da akwati, da wata 'yar riga mara nauyi, yana kyarma don sanyi, yana haki don lif ya lalace, bakinsa har kunne. "Barka da Kirsimeti!" in ji shi. Mai sai-haƙurin nan ta kurma ihu ta faɗa banɗaki ta kulle. Kaka ta taso a hankali, ta shafa fuskarsa, ta matsa kafaɗunsa, sannan ta ɗirka masa duka a baya ta fashe da kuka.

Ashe tun ranar Kirsimeti ya bar garin, ya yi doguwar tafiya a bas zuwa birnin da zai hau jirgi. A can ya ji ƙasa ta motsa, amma su sun saba da haka, bai ɗauke ta a bakin komai ba. Sauran lokacin duk yana sama. To me ya hana shi faɗa mana? A gidan Kaka ba a faɗin ranar tafiya. Bakin mutane, in ji ta, yana rigan matafiyi zuwa kan hanya, don haka sai ka sauka ake jin ka taso. Da wannan ta raine su. "Ke kika hana, Mama," ya ce wa Kaka, yana dariya.

Mata suka ɓarke da guɗa da waƙa har maƙwabcinmu Bature ya buga bango. Ana cikin haka Kawu ya kai idonsa kan talabijin. Dariyar ta ɗauke. Ya matsa kusa, ya nuna wata gada da ta karye, ya ce nan yake bi zuwa aiki. Ya soma kiran mutane ɗaya-ɗaya: tsohuwar da yake haya a gidanta, mai sayar masa da kifi, direbansa da ya ce zai je ɗaukarsa in ya dawo. Muna murna, shi yana zaune a ƙasa da akwatinsa ko buɗewa bai yi ba. Kaka ta ɗaga hannu aka yi shiru, ta zauna kusa da shi ta ce wa matan, "To, yanzu ku yi gaisuwarku. Ga mai makokin nan."

Bayan wata biyu ya koma, ya shekara yana taya su gyaran famfunan ruwa. A layinsu, gida ɗaya ya tarar da mutanensa. Kaka kuwa, da za ta koma gida, ta sa Mama ta rubuta ranar tafiyarta da manyan baƙaƙe aka manna a jikin firji, ko wa ya shigo ya gani.

Yau Kaka ta daɗe da rasuwa, kuma 'ya'yana suna ganin inda nake a wayarsu ko jirgin ƙarƙashin ƙasa na shiga. Abin yakan ba ni haushi wani lokaci. Amma Kawu ya tsufa a Dagenham, kuma ko Manchester zan je sai na kira shi kafin in fita. Ba ya tsawaita magana. Yakan ce, "Na ji. In kin sauka ma ki kira."