Yankakken Zoben Kakata

Ni mace ce mai hannun jarirai, kuma ba yau aka fara gaya mini ba. Tun muna yara a gidanmu na cikin garin Daura, in aka raba mana alewa kowa sai ya tsotse tasa, ni kuwa in ƙulle tawa a bakin zane har ta narke ta ɓata mini kaya. Na girma, na zama malamar firamare, halin bai sake ni ba. Duk wanda muka yi aiki tare ya san ba a aron birona. Na fara da wannan ne don a san irin matar da aka kawo wa tallan zoben kakata.

Kakata ta wajen uba, wadda duk gidan muke kira Hajiya, ta rasu lokacin da ake yankan gero. Bayan an share makoki aka zauna rabon gado. Magadanta uku ne: mahaifina, da ƙaninsa Baffa, da autarsu Gwaggo. Mu jikoki namu ido, tunda iyayenmu suna raye. Aka raba 'yar gonarta da awakinta da tasoshi da zannuwa, ba wanda ya ɗaga murya. Sai aka zo kan zobe.

Zoben zinari ne siriri, an dasa masa dutsen lu'ulu'u guda ɗaya, wanda yanzu ake cewa daiman, girmansa bai wuce ƙwayar dawa ba. Hajiya ta gaje shi a wurin mahaifiyarta, wadda ta zo da shi daga aikin hajji tun zamanin da ake tafiya a ƙasa, a yi shekaru kafin a dawo. Sai dai yana da lahani biyu. Ta baya an yanke shi, bakunan ba sa haɗuwa. Dutsen kuma ya ɓalle ta kusurwa ɗaya, in ka ɗaga shi a rana za ka ga tsaga ta ratsa cikinsa.

Zobe ɗaya ba ya rabuwa uku. Maza ba sa sa zinari, Gwaggo kuma ta ce ba ta da halin fansar rabon yayyenta. Baffa ya ce ya san wani mai sayen gwal da ke zuwa daga Kano, zai auna shi, ya cire dutsen, ya narka sauran. Mahaifina bai ƙi ba, amma ya tuna musu al'adar gidanmu: abin gado ba ya fita waje sai an fara tallata shi a cikin gida. Aka sa ranar Juma'a mai zuwa. In ba a sami mai saye a dangi ba, na Kano ya tafi da shi.

Duk wanda ke wurin ya san ban daɗe da kwasar adashi ba, don haka idanu suka dawo kaina. Ni kuwa firji nake so. Na daɗe ina mafarkinsa, in bazara ta yi in riƙa ƙulla zoɓo da ƙanƙara ina sayarwa. Raina ya ce, a kan me zan bar firji sabo fil in sayi yankakken zobe mai fasasshen dutse? Amma in na tuna za a jefa shi a wuta, sai in ji ba zan iya bari ba. Da na rasa yadda zan yi na gaya wa maigidana. Shi ba mai yawan magana ba ne. Ya ce, "Ki karɓo shi ki kai wa masu sani su duba miki. Kada ki sayi abin da ba ki sani ba."

Akwai wani tsohon maƙerin farfaru, irin masu ƙera azurfa da zinari, da ke aiki a zaurensa kusa da kasuwa. Ranar Litinin bayan an tashi daga makaranta na je wurinsa. Na gaishe shi, na kwance zoben daga hankici na miƙa masa. Ya gyara tabarau, ya juya shi sau biyu, sai ya yi dariya.

Ya ce, "'Yata, wannan ai aikina ne."

Na ce, "Baba, kai ka ƙera shi?"

"Ina! Ya girme ni. Yankan ne nawa."

Na zauna a kan buzun da ya nuna mini, ya ba ni labari. Lokacin yana saurayi, yana zuga wa mahaifinsa wuta, Hajiya ta shigo zauren nan da zoben lafiya lau, ta ce a yanke mata shi ta baya. Mahaifinsa ya ƙi, ya ce shi bai taɓa ɓata lafiyayyen zinari ba. Ta ce, "Malam, yatsun mutane ba ɗaya ba ne." Tana so ne ya zama mai siririn yatsa ta matse shi, mai kauri ta buɗa. Da tsohon ya ga ba za ta tafi ba, sai ya tura wa ɗansa aikin. Shi ya yanka, ya goge bakunan har suka yi santsi don kada su karci kowa.

Na tambaye shi batun dutsen. Ya ɗaga shi wajen hasken ƙofa ya daɗe yana kallo. Ya ce na gaske ne, babu shakka, amma tsagar nan ta kashe masa daraja, zinarin kuma ya suɗe saboda sawa. "In don riba ce, riƙe kuɗinki. Ba zan cuce ki ba." Ya ce in na saya, yana iya haɗe mini yankan kafin la'asar, ya koma kamar ba a taɓa shi ba. Sannan ya miƙo mini shi ya ce, "Sai dai in na haɗe shi, yatsa ɗaya zai sani."

Ba wai ban san Hajiya tana ba da aron zoben ba. Na sha ganin mata suna shiga ɗakinta ana saura kwana biyu biki, su yi ƙus-ƙus, su fito suna gyara mayafi. Na sha ganin amare a unguwarmu da zobe mai ƙyalli ranar buɗar kai, ranar da dangin miji ke ƙare wa amarya kallo tun daga ɗankwali har ƙafa, amma ban taɓa haɗa lissafin cewa zobe ɗaya ne yake ta zagaye ba. Akwai ranar da na tsokane ta, irin wasan jika da kaka, na ce, "Hajiya, kayan aro fa ba ya rufe katara." Ta harare ni ta ce, "Wa ya ce miki katara na aike shi ya rufe? Tashi ki miƙo mini buta." Abin da ban sani ba shi ne da hannunta ta sa aka lahanta gadon uwarta don ya shiga yatsun 'ya'yan wasu.

Ranar Laraba na je gidan Gwaggo. Na same ta tana tsintar wake a faifai. Na gaya mata abin da maƙeri ya ce, ta gyaɗa kai, ashe ta sani. Ta ce Hajiya ba ta taɓa tambayar mai aro yaushe za ta dawo da shi ba, ba ta taɓa cewa a kula da shi ba, kuma har ta koma ga Allah ba ta taɓa faɗa wa kowa wance ta ara ba. Ta ce a wurin Hajiya, cewa a kula tamkar ka tuna wa mutum talaucinsa ne.

Na ce, "To Gwaggo, dutsen fa? Wa ya fasa shi?"

Ta ajiye faifan. Ta ce tana budurwa abin ya faru. Wata mata daga wani ƙauye ta wajen Mai'adua ta ara wa 'yarta. Wajen saukowa daga motar kai amarya hannun yarinyar ya bugu da ƙofar ƙarfe. Bayan kwana uku matar ta zo tana kuka, janye da akuya, ita ke nan gare ta, ta ce a karɓa a madadin ɓarnar. Hajiya ta karɓi zoben, ta duba, ta ce, "Haba 'yar'uwa, wannan ai tsohon ciwo ne, da shi na gada. Ki mai da akuyarki." Ta ba ta fura ta sha, ta raka ta har ƙofar gida.

Gwaggo ta ce, "Ita ce ƙarya ɗaya da na taɓa ji a bakinta, Allah ya yafe mata. Matar na fita Hajiya ta zagaya bayan ɗaki ta yi kuka har idonta ya kumbura. Na ji tana kiran sunan uwarta."

Wannan kukan shi ya kama ni. Duk tsawon rayuwata na ɗauka Hajiya tana kyauta ne don abin duniya bai dame ta ba, na ɗauka ita da ni ba ƙira ɗaya aka yi mana ba. Ashe tana son abinta kamar yadda nake son nawa, yana yi mata ciwo kamar yadda yake yi mini, amma ta miƙa, kuma bayan ya fashe ta ci gaba da miƙawa. Ban taɓa jin girmanta a raina kamar ranar ba, kuma ban taɓa jin kunyar kaina haka ba.

Na tashi zan tafi, Gwaggo ta ce, "Ke, na san halinki. In za ki saya ki kulle a akwati ne, bar wa na Kano ya narka. Ko ba komai wata za ta sa shi a kunne."

Na ji haushin maganar, ba zan ɓoye ba. A hanya ina ta mita ni kaɗai: da kuɗina, da gumina, sannan a gindaya mini sharaɗi? Ranar Alhamis har shagon mai sayar da firji na biya, na buɗe ƙofar wanda na daɗe da zaɓa, na rufe, na sake buɗewa, har mai shagon ya ce, "Malama, a ɗaura miki ne?" Na ce masa sai gobe. Na koma gida na riga na yanke shawara, firji zan saya. Ba ni da zuciyar Hajiya, kuma ba zan yi wa kaina ƙarya ba.

Bayan an sauko daga Juma'a aka taru a zauren mahaifina. Na mai da zoben na ajiye a kan tabarma, na koma gefe kusa da Gwaggo. Mutumin Kano ya zo da ɗan ma'auninsa a aljihu. Mutumin kirki ne, ya yi mana ta'aziyya, ya duba kaya, ya faɗi abin da zai iya saye, kuma bai yi nisa da abin da maƙeri ya gaya mini ba. Mahaifina ya dubi dangi ya ce, "Akwai mai so a cikin gida?" Ba wanda ya taya, har da ni. Sai baƙon ya ce bari ya cire dutsen ya auna zinarin shi kaɗai. Ya fito da wani ɗan awartaki, ya sa bakinsa a ƙarƙashin dutsen, daidai inda ya ɓalle.

Na ce, "Dakata, Alhaji."

Wallahi ban san lokacin da maganar ta fita ba. Kowa ya waiwayo. Na ce na saya, a yadda ya taya. Baƙon ya ajiye awartakinsa ya ce ai na gida ya fi shi haƙƙi, Allah ya sa albarka. Baffa ya tafa hannu ya ce, "Jama'a ku shaida, yau hannun jarirai ya buɗe!" Aka yi dariya. Mahaifina bai yi dariya ba. Ya ɗauki zoben ya sa mini a tafin hannu, ya ce Allah ya ba ni ikon riƙewa.

Na zura shi a yatsana, ya yi mini yawa, na matse shi da yatsu biyu ya zauna daram. Ban gama juya hannuna ina kallo ba Gwaggo ta matso ta raɗa mini cewa mai wainar bakin layinmu tana aurar da 'yarta ranar Lahadi. Hajiya ta yi mata alkawarin zoben tun kafin ta kwanta ciwo, amma da aka yi rasuwa matar ta ji nauyin tambaya.

Na ce, "Gwaggo, ko kwana bai yi a hannuna ba!"

Ta ce, "Yana da yau. Gobe ki kai."

Da safiyar Asabar na kai mata da kaina, na same ta a gaban tanda hayaƙi na shiga idonta. Na kira ta gefe na damƙa mata. Ta kalli zoben, ta kalle ni. Kalmar "a kula" ta taso mini har maƙogwaro, na haɗiye ta da ƙyar, na ce Allah ya sanya alheri, na juya da sauri kafin ta sake tasowa.

Na je buɗar kan. Amarya na zaune a tsakiyar dangin miji, ta ɗora hannu a kan gwiwa, dutsen yana ɗaukar ido a kan jan lalle. Na ji wata gwaggon ango tana ce wa ta kusa da ita, "Ashe gidan nan ma ba baya ba." Uwar amarya ta ji, ta ɗaga kai kaɗan. Ba wanda ya dube ni, ba wanda ya san nawa ne. Na ji daɗi har hawaye ya zubo mini, duk da haka idona bai bar hannun yarinyar ba har aka tashi.

Firji sai da na sake zagayen adashi kafin na same shi. Zoben yana nan yadda yake, ban koma wurin maƙeri ba. Har yau gabana yana faɗuwa duk lokacin da na ji sallamar mace a ƙofa ana kusa da biki, kuma har yau ina tashi in ɗauko. An kai shi Baure, an kai shi ƙauyukan da ban taɓa takawa ba. Ni da na saye shi, ban taɓa zuwa bikin kowa da shi ba, domin duk ranar da ake biki ba ya gida.