Mai Jini Ya Shigo

Ranar kasuwar Gwiwa ce, cikin kaka, a shekarar da aka karɓe fam da sule aka ba mu naira. Damina ta yi rowa, dawa ba ta cika ido ba, kowa a wuya yake. Ni Shatu ina budurwa a gaban Inna, a rugarmu da ke tsakanin Gwiwa da Roni. Mahaifinmu ya rasu tun ina ƙarama. Garken yana hannun Baffa, ƙanin mahaifinmu, da yayana Buba. Labarin Yaya Buba zan ba ku. Shi ya goya ni ya kai ni asibiti aka ɗinke ni, shi kuwa ba wanda ya ɗora masa ko yatsa.

Da aka sallame asuba Yaya ya yi tatsa. Inna tana kaɗa nono, ni ina wanke ƙore. Ya wuce ta bayana ya ture min gammo da sanda, wai kan nawa kamar kabewa ne, ba ya bukatar gammo. Na watsa masa ruwan wanki. Inna ta zuba masa fura, ta ajiye a gindin bukka, ta ce da ni, "Ki gaya wa wancan, furarsa tana nan." Haka take kiransa. Ɗan fari ne, kuma a wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta duban idonsa, ba ta miƙa masa abu hannu da hannu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Buba a bakinta ba. Shi ma halin ya ɗauko. An yi masa bulala a wurin shaɗi, jini na bin haƙarƙarinsa, yana murmushi yana gyara hula.

Abin da ba mu sani ba, daren jiya wasu baƙin makiyaya masu wucewa sun zuba shanu a dawar wani ƙauye da ke gabas da mu. Mai gonar ya fito, suka sare shi, suka ƙara gaba kafin gari ya waye. Ba zan kama sunan ƙauyen ba. Mutanensa suka bi sawun shanu, sawu ya ɓace musu a kan dutse, rugar da suka hango ita ce tamu. Ba mu san hawa ba, ba mu san sauka ba.

Da hantsi na ɗora ƙwaryar nono a ka zan tafi kasuwa. Karnuka suka fara haushi gaba ɗaya. Sai ƙaho, sau biyu. Sai ƙarar karan dawa yana karyewa ta ko'ina, kamar an kunno wuta a gona. Wani ya daka tsawa, "Ku kewaye su! Kar kowa ya fita!" Bindigar toka ta tashi. Ƙwaryar ta suɓuce min, nono ya wanke min ƙafa.

Baffa ya fito da buta a hannu. Ya san su, su ma sun san shi. Ya ɗaga hannu yana cewa, "Ku tsaya, mu ne! Ku tsaya!" Barandami ya sauka a wuyansa. Ya durƙusa, butar tana hannunsa. Aka ƙara masa. Wanda ya ƙara masa ɗin, matarsa ce mai sayen man shanu a wurina duk kasuwa. Wallahi na san shi kamar yunwar cikina.

"A sa wuta!" Bukkokinmu na kara ne, kan ka ce kwabo sun kama. Shanu suka fasa shinge suka bi ta kan duk abin da ya tare su. Maruƙa suna ɗaure a igiya, wuta ta iso su. Kukan nan nasu har yau ba ya barin kunnena. Na ruga zan kwance su. Ban ga mutumin ba, walƙiyar adda kawai na gani. Ta same ni a cinya. Na faɗi, na ga farin nama kafin jini ya rufe shi. Na kurma ihu.

Yaya yana can bakin garke, ya juyo a guje. Sanda kawai gare shi. Ya buga wa mai addar a goshi, goshin ya dare, ya zube. Yaya ya sunkuya zai ɗauke ni. Wani ƙato ya zo ta hagu da gora mai kai, ya ɗaga da hannu biyu, ya sauke masa a ƙasan haƙarƙari. Tim! Kamar an jefar da buhun gero. Yaya ya kai gwiwa ƙasa. Bakinsa ya buɗe, sauti bai fito ba. Hayaƙi ya turnuƙe tsakaninmu da su. Ya miƙe, ya saɓa ni a baya, ya ce, "Riƙe wuyana." Inna ta fito ta cikin hayaƙin, gefen zanenta yana ci. Muka faɗa cikin dawa.

Da walaha muna cikin duwatsu. Muka lafe a wani tsagi, muna jin su ƙasa suna kora shanu suna kiran juna. Inna ta yage zanenta ta ɗaure min cinya, ta toshe min baki da tafinta. Na dubi Yaya. Babu sara, babu ƙwarzane, sai shatin gora a gefen cikinsa. Amma gumi yake yi a inuwa, gumi mai sanyi. Ya ga ruwa ya kwanta a kan dutse, ya kifa kai ya shanye har da ƙasa. Yana ta murza kafaɗarsa ta hagu, alhali ba nan aka doka ba.

Inna ta gani. Ba abin da ke wuce idon Inna. Ta kau da kai ta ce da ni, "Ki tambayi wancan ko zai iya." Ya ce, "Babu komai." Ya sake goya ni.

Tafiyar nan ban san yadda ya yi ta ba. Ina jin numfashinsa a ƙirjina, gajere, gajere. Ya yi tuntuɓe ya tashi, ya sake yi ya tashi. Ya bar magana. Duk inda muka ga ruwa sai ya sha. Ana kiran azahar a wani ƙauye nesa muka fito titin da ke zuwa Kazaure. Wata akori-kura mai gyaɗa ta tsaya. Allah ya saka wa direban nan da alheri, bai tambaye mu ko su wa ba. Ya kai mu wani asibiti, shi ma ba zan kama sunansa ba.

Mun tarar labari ya riga mu. An kawo mutane daga wata rugar da maharan suka bi ta kanta bayan tamu, an kawo na cikin maharan ma. Likita ba ya nan. Malamin asibiti ɗaya ne, da nas biyu. Sai suka tsayar da mai gadi a ƙofa, shi ke zaɓen wanda zai shiga. Mai gadi fa! Yana riƙe da kulki yana faɗa da ƙarfi, "Mai jini ya shigo! Wanda ba jini ya koma inuwa!"

Rigar Yaya ta jiƙe sharkaf, amma jinina ne. Mai gadi ya ɗaga rigar ta baya, ya leƙa, ya ce, "Ba naka ba ne. Ajiye ta, koma inuwa." Yaya ya kwantar da ni a benci. Ya dafa bango, ya tsaya kaɗan. Sannan ya taka a hankali zuwa gindin darbejiya, inda maza suke zazzaune, ya jingina da itacen, ya ɗora sanda a cinya.

A ciki, kusa da ni, ga mai addar da ya sare ni. Ana ɗinke masa goshi yana wayyo Allah, nas tana masa sannu. Ni ma ban yi shiru ba, ni ba Yaya ba ce, ihu na yi har muryata ta dushe. Da aka zuba min aidin sai da na ga taurari. Na kama hannun nas ɗin na ce, "Yayana yana waje, an doke shi a ciki da gora." Ta ce, "Da ƙafarsa ya zo?" Na ce shi ya goyo ni. Ta ce, "To ai shi ne mai lafiya. Ki ji da kanki." Ta ci gaba da ɗinki.

Ta taga ina hango shi. Da la'asar maza suka tashi salla, shi ya yi taimama ya yi tasa a zaune. Leɓɓansa sun yi fari kamar ya ci toka. Sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Inna ta miƙe, ta ratsa tsakiyar maza, ta tare malamin asibiti a baranda. Matar da ko a kasuwa ba ta ɗaga ido. Ta durƙusa ta ce, "Malam, a duba wancan."

Ya dubi gindin darbejiya, mutum ya fi goma. Ya ce, "Wanne, Iya? Wa sunansa?" Inna ta sunkuyar da kai. Na ga bakinta yana motsi. Ta ɗaga haɓa ta nuna. Malamin bai sauko ba. Daga kan baranda ya ɗaga murya, "Kai mai sanda! Ina ke maka ciwo?" A gaban maza. A gaban uwarsa. Yaya ya gyara zama ya ce, "Babu komai, malam. A ji da yarinyar." Malamin ya ce, "Kin ji ko, Iya?" Ya juya ciki.

Nan ne raina yake ɓaci har gobe. Wane Bafillace ne zai ce wayyo uwarsa tana tsaye? Malamin nan ɗan ƙasar ne, tare da mu ya girma, ya san halinmu sarai. Labarin zuciya a tambayi fuska, fuskar kuwa ga ta nan a fili. Ban ce bai gaji ba, ya gaji, rigarsa duk jini. Amma tsakanin baranda da itacen nan bai kai tsakanin ɗaki da madafa ba. A ce dai ya sauko ya kama hannunsa, ya danna cikin. Shi ke nan abin da muke roƙo.

Rana ta yi ja aka fito da ni baranda. Yaya ya ɗago ido ya gan ni da bandeji. Ya yi ɗan murmushi. Ya ce, "Ruwa." Inna ta karɓi kwano a wurin wata mata, ta ɗebo a famfo, ta kai ta ajiye kusa da ƙafarsa kamar yadda ta saba, ta ja da baya. Kwanon yana nan. Ƙuda ya sauka a bakin kwanon. Yaya bai miƙa hannu ba.

Inna ta jira. Ta matsa. Ta kai hannu ta taɓa ƙafarsa. Ta ɗauke hannun, ta sake mayarwa. Sannan ta ce, can ƙasa, "Buba." Sandar ta gangaro daga cinyarsa. Ta ce, "Buba," ta kama fuskarsa da hannu biyu. Ladan ya tada kiran magariba.

Yanzu kam malamin ya sauko, har da gudu. Ya ɗage rigar ta gaba. Cikin ya kumbura ya yi tauri kamar ganga. Ya danna, ya kama wuyan hannu, ya saki. Ya ce, "Jini ne ya taru a ciki. Me ya sa ba ku faɗa ba?" Abin da na gaya masa daga kan baranda ba zan maimaita ba, ina da jikoki. Inna ta ja ragowar zanenta ta rufe wa Yaya ƙafafu.

Jikata tana aikin jinya yanzu. Da na ba ta labarin ƙishirwar da kafaɗar, ta ce saifarsa ce ta fashe, tun daga ruga yake zubar da jini a ciki, yana ɗauke da ni. Ta ce su an koya musu duk wanda ya fito daga wurin tashin hankali sai an taɓa shi an auna shi, ko da ya rantse lafiyarsa ƙalau. Na tambaye ta da an duba shi da azahar, da ya tashi? Ta ce mai yiwuwa. Ban sake tambaya ba.

Washegari aka binne shi a garin, cikin mutanen da ba su san shi ba. Baffa kuwa maƙwabta suka rufe shi a kufan rugar. Shanu kaɗan suka dawo da kansu, maruƙa ko ɗaya. Muka koma wajen kawunnanmu a ƙasar Babura, can na yi aure. Mai addar ya warke, na sha ganinsa a kasuwa da tabo a goshi. Nawa tabon yana nan a cinya, yana min tsami in hadari ya taso.

Inna ta daɗe bayansa, har ta ga 'ya'yana. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ba ta kuma sake kama sunan ba. A duk rayuwarta sau biyu ta kira shi, duka a gindin darbejiyar nan. Ni na ji, shi bai ji ba.